Darasin Kimiyya: Yadda Ruwan Bishiya Ke Zama Zumar Meful

Ɗalibai, darasinmu na yau zai kai mu arewa maso gabashin nahiyar Amurka, inda sanyi ke daskarar da koguna. A Kanada da Amurka akwai abinci iri biyu da ake so sosai a wajen karin kumallo. Na farko shi ne fankek, wata irin waina mai faɗi da taushi da ake yi da fulawa da ƙwai da madara, a toya a busasshen kasko da ɗan bota. Na biyu shi ne waful. Ƙullunsa kusan ɗaya ne da na fankek, sai dai ana gasa shi tsakanin ƙarfe biyu masu zane, ya fito da ramuka masu kusurwa huɗu a ciki da baya. Dukkansu ana kwarara musu wani ruwa mai kauri da zaƙi, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda za mu kira zumar meful. Ƙudan zuma ba su da hannu a cikinta. Ruwan jikin wata bishiya ne aka tafasa har ya yi kauri, ba a ƙara masa komai ba. Tambayoyinmu su ne: ina bishiya ta samo sukari, me ke turo ruwan waje, kuma me wuta ke yi masa?

Bishiyar da sukarinta

Meful dangi ne babba, amma wadda aka fi tatsa ita ce wadda masana tsirrai ke kira Acer saccharum, sai 'yar'uwarta Acer rubrum. Ganyen meful ne kuke gani a tutar Kanada, wadda aka fara ɗagawa a 1965. Lardin Kebek kaɗai yana samar da kusan kashi 70 cikin 100 na zumar meful ta duniya, a Amurka kuwa jihar Vermont ce kan gaba.

Kun san yadda ganye ke haɗa abinci: hasken rana, ruwa, da iskar kabon dayoksaid, su ba da sukari. Meful tana wannan aiki a watannin ɗumi. Kafin ganyenta ya zube a watan Oktoba, sai ta mayar da rarar sukarin sitaci, ta ɓoye shi a cikin saiwa da wasu rayayyun ƙwayoyin halitta da ke cikin itacen. Dalilin ɓoye shi a matsayin sitaci shi ne sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi, saboda haka yana zama inda aka ajiye shi. Idan hunturu ya kusa ƙarewa, sai wasu sinadaran aiki da ake kira enzayim su sake farfasa sitacin ya koma sukuros, wato irin sukarin da ke cikin rake. Sukarin ya narke cikin ruwan da ke jijiyoyin itacen. Guzuri ne bishiya ta tanadar wa sabon tohonta, ɗan Adam ya zo ya ɗebi nasa rabo.

Kada ku zaci ruwan yana da zaƙi sosai. Sukarinsa kashi 2 ne zuwa 3 cikin 100. Garai-garai yake kamar ruwan sha, wanda bai sani ba zai kurɓa ya ce ruwa ne kawai.

Me ke turo ruwan waje?

A nan nake so ku tattara hankalinku, domin nan ne meful ta bambanta da yawancin itatuwa. Idan ka huda meful a tsakiyar hunturu, ko ɗigo ba za ka samu ba. Idan ka huda ta a watan Yuli, haka. Ruwan ya fi zuba ne a 'yan makonni huɗu zuwa shida, tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu, kuma a ranakun da sharaɗi ɗaya ya cika: da dare sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Selsiyos, da rana kuma ya hau kamar digiri 4 zuwa 7. Dole a daskare, sannan a narke.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Itacen bishiya yana da siraran bututai da ruwa ke bi. Kewaye da su akwai wasu matattun ƙwayoyi masu kama da zare, waɗanda ke ba itace ƙarfi. A yawancin bishiyoyi waɗannan zarurrukan cike suke da ruwa. A meful cike suke da iska. Idan dare ya yi, rassa suka fara sanyi, iskar da ke cikin zarurrukan sai ta takure, wata ta narke cikin ruwa. Da sanyi ya kai ga daskarewa, ƙanƙara ta fara taruwa a bangon cikin zarurrukan, tana janyo ɗanshi daga bututan da ke maƙwabtaka da su, tana kuma ƙara matse iskar da ta rage. Wannan janyowa takan haifar da zuƙa a cikin bututan, zuƙar ta sauka har saiwa, saiwa ta sha ruwa daga ƙasa. Wato da dare bishiyar shan ruwa take yi.

Da hantsi ya yi, rana ta bugi rassa, ƙanƙarar ta narke. Iskar da aka matse ta sami sarari ta buɗe, ta tura ruwan ya koma cikin bututai. Ga kuma nauyin ruwan da ya taru a sama yana dannowa ƙasa. Matsin da ke cikin gangar bishiyar ya fi na iskar waje, don haka duk inda aka sami huda, nan ruwa zai bi ya fito, ɗis-ɗis. Zai yi ta ɗiga yini ɗaya ko biyu har matsin ya ƙare. Daga nan sai a jira wani daren sanyi ya sake cika ta.

Ku lura da abin mamaki. Ruwa idan ya daskare kumbura yake yi, shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil ke fashewa a firiza. Bisa wannan, da sai mu ce bishiya za ta fitar da ruwa lokacin daskarewa, ta zuƙa lokacin narkewa. Meful akasin haka take yi, kuma iskar nan ta cikin zarurruka ce sanadi. Wannan kuma shi ne amsar wanda zai tambaya me ya sa ba za mu dasa ta a Zariya ko Maraɗi ba. Ko ta rayu, sanyin hunturunmu bai kai ya daskarar da reshe ba, to babu abin da zai turo ruwan.

Huda da tarawa

Mutanen asalin yankin ne suka gano wannan ilimi tun kafin zuwan Turawa, irin su Ojibwe da Abenaki da Haudenosaunee. Sukan tsaga ɓawon bishiya, su tari ruwan a mazubin ɓawon itace. Wata dabararsu ita ce barin ruwan ya kwana a waje, da safe su yaye ƙanƙarar da ta taru a sama su yar. Kimiyya ce tsantsa: ruwa idan zai daskare yakan ture sukari gefe, saboda haka abin da ya rage a ƙasa ya fi zaƙi.

A yau ba a huda bishiya sai kaurin gangarta ya kai kamar santimita 25, abin da kan ɗauki shekara 30 zuwa 40. Hudar ƙarama ce, faɗinta bai kai santimita 1 ba, zurfinta kamar santimita 4 zuwa 5. A soka ɗan bututu, a rataya bokiti. Huda ɗaya takan ba da kusan lita 40 a kaka guda. Manyan gonaki sun bar bokiti, sun koma jan tiyon roba daga bishiya zuwa bishiya har zuwa tanki, da injin da ke zuƙo ruwan. Kowace shekara sabon wuri ake hudawa, tsohon ya warke, kuma bishiyar da aka bi da ita a hankali takan yi shekaru da dama ana tatsarta.

Tafasa, da ɗan lissafi

Doka a Kanada ta ce ba a kiran abu zumar meful sai sukarinsa ya kai kashi 66 cikin 100. Ana auna wannan da ma'aunin Brix, inda digiri ɗaya ke nufin giram ɗaya na sukari a cikin giram 100 na ruwan. Aikin mai dafawa shi ne ya ɗaga ruwa daga 2 zuwa 66, kuma hanyar ita ce korar ruwa ya tafi a tururi. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa ruwan rake ya zama mazarƙwaila ya ga wannan aiki da idonsa, sai dai ruwan rake ya ninka na meful zaƙi sau da yawa tun daga farko, kuma ana wuce matakin ruwa-ruwa har ya daskare.

Masu sana'ar suna da wata ƙa'ida da ake dangantawa ga C. H. Jones na Jami'ar Vermont. A raba 86 da yawan sukarin ɗanyen ruwan, amsar ita ce litar da ake bukata don samun lita ɗaya ta zuma. Idan sukarin kashi 2 ne, 86 raba 2 ya ba da 43. Idan kashi 2.5 ne, lita 34 da ɗan ɗori. Mai kaifin basira zai ce, Malam, me ya sa 86, alhali 66 muke nema? Saboda zumar ta fi ruwa nauyi. Lita ɗaya tana da nauyin kusan kilo 1.32. Kashi 66 cikin 100 na wannan ya kama giram 870 na sukari. Lita ɗaya ta ɗanyen ruwa mai kashi 2 kuwa giram 20 kacal ke cikinta. Ku raba 870 da 20, za ku ga mun dawo kusa da 43. Ma'ana, bishiyar da aka yi wa huda ɗaya, duk wahalarta ta kaka guda kusan lita ɗaya ce ta zuma. Tsadar abin ta fara bayyana ke nan.

Sauran tsadar a wuta take. Ɗora kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 100 yana cin kusan kilojul 420 na zafi. Mayar da shi tururi kuwa yana cin kusan 2,260, fiye da ninki biyar. Ku ninka wannan sau 42, wato litocin ruwan da za a kora kafin a sami lita ɗaya ta zuma. Shi ya sa tukunyar aikin ba mai zurfi ba ce: faffaɗan faranti ne na ƙarfe mai layi-layi, ɗanyen ruwa ya shiga ta wannan baki, ya yi ta zagaya yana ƙara kauri, zuma ta fita ta wancan. Faɗi yana ba tururi ƙofa. Tun daga shekarun 1970 kuma aka shigo da na'urar da ke danna ruwan ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi, irin wadda kamfanonin ruwan sha ke amfani da ita. Ruwa ya wuce, sukari ya tsaya. Masu ruwan sha ruwan suke so, masu meful kuwa abin da ya tsaya suke so. Idan aka ɗaga sukarin zuwa kashi 8 kafin a hura wuta, lita 11 kawai za a tafasa maimakon 43.

Yaya ake sanin ta nuna? Sukarin da ya narke a ruwa yana ɗaga ma'aunin tafasarsa. A daidai kashi 66, zumar tana tafasa da digiri 4 sama da ruwa zalla, wato digiri 104 a gaɓar teku. Na ce a gaɓar teku domin ruwa ba koyaushe yake tafasa a 100 ba. A tudu kamar Jos, inda matsin iska ya yi ƙasa, wajen digiri 96 yake tafasa. Ko a wuri ɗaya, sauyin yanayi na iya motsa shi kaɗan. Don haka gwanin dafawa yakan fara auna tafasar ruwa zalla a ranar, sannan ya ƙara 4.

Iyakar tana da ƙunci. Ƙasa da 66, ruwa ya yi yawa, yis da fumfuna za su sami wurin zama, ta yi tsami. Sama da 68, sukari zai fara ƙanƙancewa a gindin kwalba. Idan aka ci gaba da dafawa da gangan zuwa wajen digiri 113, aka kwarara a kan dusar ƙanƙara mai tsabta, sai ta zama alewa mai danƙo da yara ke naɗewa a tsinke a bukkokin dafa meful na Kebek. Kafin a ɗura kuma sai an tace, domin tafasa tana fitar da wani gari mai kama da yashi, wanda yawancinsa gishirin kalsiyam ne.

Launi da ƙamshi

Ruwan da ya shiga tukunya ba shi da launi, ƙamshinsa kuma kaɗan ne. Wuta ce ke ƙirƙirar su. Babban abin da ke faruwa shi ne haɗuwar sukari da sinadaran amino, waɗanda su ne tubalan furotin. Wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, sunansa kuma aka sa mata. Ita ce ke sa ɓawon burodi ya yi ja. Sai dai sukuros shi kansa ba ya shiga wannan haɗuwa da sauƙi, sai an raba shi gida biyu, gulukos da furuktos. Masu raba shi su ne ƙananan halittun da ke shiga ruwan a bokiti da tiyo. A farkon kaka sanyi ya hana su sakat, zumar ta fito fara-fara mai sanyin ɗanɗano. Yayin da kwanaki ke ɗumi suna yawaita, gulukos da furuktos su ƙaru, zumar ta yi duhu, ɗanɗanonta ya yi ƙarfi.

Ana raba ta aji huɗu bisa yawan hasken da ke ratsa ta: mai ruwan zinare tana barin kashi 75 ko fiye ya wuce, ta biyu 50 zuwa ƙasa da 75, ta uku 25 zuwa ƙasa da 50, mafi duhu ƙasa da 25. Yawan sukarinsu ɗaya ne, kuma babu wadda ta fi wata inganci. A ganina ta biyu da ta uku su suka fi dacewa da fankek, domin mai ruwan zinare bota da ƙwai kan danne ta. Da zarar bishiya ta fara toho, ruwanta kan ɗauki wani ɗanɗano marar daɗi, kakar ta ƙare.

A kan faranti

Ƙullun fankek yana ɗauke da bekin foda, wadda ke sakin kabon dayoksaid idan ta jiƙe ta kuma ji zafi. Kumfar iskar ta maƙale a ƙullun, zafi ya daskarar da ƙwai da sitaci kewaye da ita, a sami waina mai dubban ƙananan ƙofofi. Waɗannan ƙofofi su ke tsotse zumar. Wanda ya buga ƙullun fiye da kima ya tayar da danƙon alkama, fankek ɗinsa ya yi tauri, zuma ta bi ta kai ta zube a faranti.

Waful ya fi mai da sukari, kuma ƙarfe mai zafi yana taɓa shi ta fuska biyu a lokaci ɗaya. Ramukan sun ƙara faɗin wurin da ke taɓa ƙarfe, saboda haka ɓawonsa ya fi bushewa da ƙaras-ƙaras, sannan kowane rami ya riƙe nasa rabon zuma. Beljiyam ta yi suna a kansa, da na Brussels mai sauƙi da na Liège mai dunƙulen sukari, a Amurka kuwa Cornelius Swartwout ya yi rajistar ƙarfen gasa shi a 1869. Abokin gabar waful shi ne ɗanshi, kuma kashi ɗaya bisa uku na zumar meful ruwa ne. Maganin shi ne a fara shafa bota. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, sai ya tsare ɓawon na ɗan lokaci. Kada kuma a jibga waful kan waful, tururin na ƙasa zai jiƙa na sama.

A ɗan ɗumama zumar kafin a zuba. Zafi yana rage kauri, ta fi gudu ta shiga ko'ina, kuma sinadaran ƙamshi sun fi tashi zuwa hanci. Ta cikin firij sanyaya abincin kawai za ta yi, ta daskarar da botar.

Ta gaske da ta kwaikwayo

Yawancin kwalaben da ke ɗauke da hoton fankek a kanti ba su taɓa ganin bishiya ba. Sukarin masara ne aka sa wa launi da ƙamshi. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne tushen ƙamshin: sau da yawa hulba ce, wadda muke saye a wajen masu kayan Islamiyya. Tana ɗauke da wani sinadari mai suna sotolon, wanda hanci ke ɗauka a matsayin meful. Daga 2005 mazauna New York sun yi ta jin ƙamshin meful a iska lokaci-lokaci, har wasu suka tsorata, sai a 2009 hukumomin birnin suka gano wata masana'anta ce a New Jersey ke sarrafa hulba.

Ta gasken kuwa darajarta ta kai manoman Kebek suna da rumbun ajiya na musamman don shekarun da kaka ta gaza. Tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi sun zuƙe kusan tan 3,000 daga ciki, na sama da dalar Kanada miliyan 18, suna mayar da ruwa a gangunan. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a juya kwalba a karanta abin da aka haɗa. Ta gaske abu ɗaya za a gani a rubuce.

Idan an buɗe ta, firij ne wurinta. Zumar ƙudan zuma ruwanta bai cika wuce kashi 18 ba, shi ya sa take daɗewa a ɗaki, ta meful kuwa tana da kashi 33, fumfuna na iya kama samanta. Tana da manganis da ribofilabin da ɗan kalsiyam, amma sukari sukari ne. Babban cokali ɗaya yana da kusan giram 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da ake samu daga abincin yini, wato kamar giram 50 ga baligi. Cokali huɗu sun cinye wannan kaso tun da safe. Mai ciwon suga ya ɗauke ta kamar yadda yake ɗaukar sukarin shayi.

Aikin gida

Ku narka giram 20 na sukari, kamar ƙananan cokula biyar, a cikin lita ɗaya ta ruwa, ku ɗanɗana, ku rubuta abin da kuka ji. Ku raba shi biyu. Rabi ku sa a firiza har samansa ya daskare, ku yaye ƙanƙarar, ku ɗanɗana ta daban, ku ɗanɗana ruwan ƙasa daban. Ɗaya rabin ku tafasa a faffaɗan kasko har ya fara kauri, babba yana tsaye a kanku, domin ruwan sukari mai zafi yana manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi muni. Ku auna abin da ya rage da cokali. Sannan ku lissafa: manomi yana da huda 500, kowace ta ba shi lita 40, sukarin ruwansa kashi 2.5 ne. Lita nawa ta zuma zai samu? Ku zo da amsa da yadda kuka bi kuka same ta a darasi na gaba.